Kujera Biyu

A Kamba na gan ta, bayan dangar Ɗanjimma dillali,
ja jawur kamar albasar da aka ɓare wa ɓawon fari,
ta lafe da ƙasa, cikinta na neman shafar yashi.
Ɗanjimma ya danna wani ɗan maɓalli,
rufin ya ɗaga, ya naɗe, ya shige baya
kamar kunkuru ya ji motsi.
Na ce, "Nawa?" tun ban gama sallama ba.

Shekara talatin da huɗu ina cinikin albasa,
mai kaya bai taɓa ganin haƙorina ba.
Ran nan ya gani har dasashi.
Ya ce wata tsohuwa ce a Turai ta hau ta,
daga gida sai kanti, daga kanti sai gida.
Na san zancen. Ni ma na sha rantsewa
cewa ta cikin rudu jiya aka tone ta.
Na biya.
Kuɗin buhu ɗari huɗu, ban da la'ada.

Kafin Jega ta goga ciki sau tara,
kowane tudun kwalta sai na ji shi a haƙarƙarina.
Rana ta dafa min ƙeya,
iska ta ɗauke hular da na ɗinka don Sallah,
ban tsaya ba.

A Aliero, Ladan mai faci ya zagaya ta sau biyu:
"Alhaji, rabin mota anka saisam maka,
koma ka amso sauran."
Tumba ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu:
"To ina za a aza kwanon tuwo?
Ina jikoki? Ina ni, in ka ɗauko baƙo?"
Masu neman a rage musu hanya
suka ƙirga kujeru, suka ƙirga kansu,
aka daina gaishe ni da ƙarfi.

Ban ce wa kowa komai ba.
Bayan la'asar na karya kwana ta bayan makera,
ƙofar da ba ta da ƙyaure.

Tunau.
Karen motata tun ina hayar roka,
shi ke kwana bisa lodi daga nan har Anacha,
ni ina gaba, gilashi a rufe, ina gyangyaɗi.
Ruwan Neja ya dake shi, sanyin asuba ya ci ƙashinsa,
ya sauko yana warin albasa yana dariya.
Damina uku ke nan ɓarin jikinsa ya mutu,
duniyarsa ta koma tabarma da rufin kwano.

Ni da ɗansa muka ciccibe shi,
bai fi rabin buhu ba.
Na ɗaura masa bel, na gyara hannun da ba ya ji,
na danna maɓallin.
Sama ta buɗe.

Muka bi ta gefen fadama a hankali,
masu ban ruwa suka miƙe da fartanya a kafaɗa.
Ƙamshin lawashi ya cika mana hanci.
Na ƙara wuta kaɗan.
Sai na ji wani abu daga karkataccen bakinsa,
na ɗauka kuka ne, na taka birki.
Ashe dariya ce.

Ya tattaro kalmomin ɗaya-ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa:
"Kai... sai yanzu... ka hau... marar rufi?
Ni... kyauta... nish sha ta."

Na rasa ta cewa.
Ya ɗaga hannunsa mai rai,
ya buga ƙofa sau biyu da tafi,
yadda yake buga bodi in lodi ya kammala:
direba, mu tafi.

Muka tafi.
Magariba ta same mu a hanya,
ba hula ko ɗaya tsakaninmu.