Mutum Huɗu a Wando Ɗaya

Ƙarfe shida nake kashe tandar burodi,
in karkaɗe fulawa daga gashin hannuna,
in gangara tafkin gunduma na Matosinhos,
inda warin kulorin ke tarbar mutum tun daga ƙofa.

Da safe ni ne gwani.
Layi na biyu na tsofaffi ne da masu ciwon baya.
Dona Idalina, mai sabon ƙugu na ƙarfe,
takan raɓe jikin igiya in na taho,
ta ce, "Ku ba Custódio hanya, jirgi zai wuce."
Sai kafaɗata ta ƙara faɗi,
in miƙa hannu da ƙasaita,
in manta da tumbin da ke riga ni shiga ruwa.

Talata da Alhamis da dare tafkin bai sauya ba,
ruwan ne dai, har tsagar nan ta bango,
sai dai an rataya agogo mai hannu huɗu,
ga Filipa tsaye da usur a wuya,
tandata ma ta girme ta.
"Mita ɗari sau goma, hutu daƙiƙa ashirin."
Kafin in taɓa bango sun huta,
sun kurɓi ruwa, sun yi raha, sun tafi.
Wani yaro ya taɓa min tafin ƙafa sau uku,
wato baba, kauce.
Da aka tashi ta nuna min kaina a waya.
Wanda nake yi wa kallon kifi
ashe buhu ne mai ƙafafu,
hannun hagunsa na dukan ruwa kamar yana bin sa bashi.
Daren nan da haushi na cuɗa ƙullu,
burodin kuwa ya tashi fiye da kullum.

Lahadi sai teku.
Babu baƙin layi a ƙasa da zan bi,
babu bangon da zai ce min na iso.
Sanyi yakan fara ƙwace numfashi, sannan suna,
sannan lissafin da Filipa ta cusa min a ka.
Baltasar, wanda ya shekara arba'in yana jan koma,
yana bin mu a kwalekwale, bai taɓa yabon kowa ba.
Ƙidaya kawai yake yi:
huluna tara sun shiga, huluna tara su fito.
A can ban da sauri, ban da nawa,
ɗigo ne ni mai ruwan lemo
da igiyar ruwa ke ɗagawa ta ajiye
ba tare da ta tambayi ko ɗan waye ba.
Na sha gishiri, na yi tari, na hango hasumiyar fitila,
na gane iya ruwa fidda kai ne,
sauran duk ado.

Jiya kuma jikata Benedita
ta ja ni ƙaramin tafki, inda ruwa bai wuce gwiwata ba.
Ta ƙanƙame min wuya, haƙoranta na kaɗawa,
ta ce, "Kaka, kada ka motsa."
Ban motsa ba.
Shekara shida ina koyon tafiya a ruwa,
ga shi aikin da ta ba ni tsayuwa ce,
in zama tsibiri mai furfura
da za ta saki, ta yi taku biyu, ta dawo.

A ɗakin sauya kaya na matse wandon,
shuɗi ne, robarsa ta fara saki.
Shi ne jirgin ya sa, shi ne buhun ya sa.
Ruwan ya zuba a ƙasa, ya bi magudana,
ban iya rarrabe na wanne ba ne.
Na jefa shi a jaka kusa da ragowar burodi.
Gobe Talata.