Lakar Ƙasan Teku

A Akoka, bene na uku,
Malama Tabawa ta miƙo mini cokalin laka
da jirgi ya haƙo a ƙasan tekun Ikko.
Na tace ta kamar mai regen gero.

Abin da ya saura bai kai ƙwayar gishiri ba.
A madubi: kwasfa, ɗaki bisa ɗaki,
masu gidan sun ƙaura
tun ɗan Adam bai taka ƙasa ba.

Can ƙasa ɓul-ɓul suke.
Taƙi ɗaya sama, sun rame,
wasu ko ɗuriyarsu.
"Ruwan ne ya yi zafi," in ji ta, "ya yi tsami."

Aka ɗauke wuta.
Na bi ambaliyar Bariga,
takalmi a hannu,
laka tana adana sawuna.