Gefen Benci

Ranar Lahadi ya shigo majami'armu
bayan an gama waƙar farko.
Tabon wuƙa daga kunne zuwa haɓa,
silifa ɗaya ɗaure da waya.
Na ce a raina, ɗan Kara-kara ne.
Na jawo jakata kan cinya,
na matsa har kafaɗata ta taɓa bango.

Fasto Barnaba yana cewa
Allah ba ya tsayawa a fuska,
zuciya yake leƙawa.
Na ce amin da ƙarfi,
hannuna bai saki jakar ba.

Laraba, a bakin Kasuwar Dole,
rana tsaka, jiri ya kayar da ni
tsakanin masu barkono da masu tukwane.
Takalma masu ƙyalli suna ta ratse ni.
Sai hannu mai kaushi ya tallabi kaina,
ruwan leda, dabino biyu,
"Inna, sannu. Buɗe ido."
Tabon na fara gani.

Ya kai ni gida a kabu-kabunsa,
yana kauce wa ramuka kamar ya ɗauko ƙwai,
jakata rataye a wuyansa.
Ko dala bai karɓa ba.
Sai a ƙofa na tambayi sunansa: Illiya.

Daren nan na durƙusa,
na rasa bakin addu'a.
Yesu da ya taɓa kutare da hannunsa,
ni ce na hana baƙonsa gefen benci.

Lahadi na yi sammako,
na share masa wuri kusa da ni.
Bai zo ba.
Har yau ba na ɗora jaka a wurin.