Sha Tara Ga Wata

Yau sha tara ga wata.
Albashin watan jiya bai iso ba,
na wancan watan ma rabi ya shigo,
kamar tuwon da ɓera ya riga ni taɓawa.

Na fito daga Ɗorayi rana ba ta gama buɗe ido ba,
jaka a kafaɗa:
na'urar awon jini, auduga, almakashi, safar hannu,
da littafin da nake rubuta bugun zuciyar mutane.
Ɗan adaidaita ya yanka kuɗi, na nemi ragi.
Ya leƙo farin kayana ta madubi, ya yi dariya,
"Haba likita, har da ke?"
Ban gaya masa aljihun ma fari ne fat ba.
Na sauka a shataletalen Dangi,
na ƙarasa Tarauni da ƙafa.

Baba Tanimu yana nan yadda na bar shi jiya,
ɓarin hagu ya yi masa yaji shekara biyu ke nan.
Na juya shi, na wanke gyambon bayansa,
na shafa magani, na rufe.
Gyambo bai san ana jiran sa hannun manaja ba.
Sukari ba ya jin "sati mai zuwa".
Ƙarfe takwas allura, to ƙarfe takwas ɗin ne,
ko na karya ko ban karya ba.

Shi da ya yi shekara talatin a masaƙa a Bompai
yana ƙirga wa ma'aikata kuɗinsu a ambulan,
yana lasar yatsa, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce, da harshen da ya yi masa nauyi,
"A zamanina gumi ba ya bushewa."
Na ce, "Baba, buɗe baki, ga kunu."

Ɗansa ya biya kamfani tun ran ɗaya ga wata,
na ga rasit ɗin da idona a kan firiji.
Tsakanin firijin nan da asusuna
ban san wane rami ne kuɗi ke faɗawa ba.
Na kira ofis. Waya ta yi ta ringi har ta gaji.
Da aka ɗauka: "Sista Uwani, a ƙara haƙuri."
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
To, ni gas ɗina ya ƙare tun ran Talata.

Iliya mai kanti ya buɗe mini shafi na uku,
yanzu gaisuwarsa ta gajarce.
An koro Larai daga makaranta da takarda a hannu,
ta ninke ta, ta ɓoye a cikin safa
don kada in gani in ƙi cin abinci.
Mai gidan haya kuwa tari yake yi a zaure,
irin tarin da ba a koya mana maganinsa ba.

Da azahar Baba ya lalubo ƙarƙashin filo
da hannun da ya rage masa,
ya turo mini dubu ɗaya a dunƙule, ta yi laushi kamar tsumma.
Na karɓa don kada ya ji kunya.
Da barci ya ɗauke shi na mayar inda take,
na daɗe tsaye kafin in zare hannuna.

Sai na zauna a bakin tabarma,
na ɗaura na'urar a damtsena, na matsa.
Ɗari da sittin bisa ɗari.
Babu shafin da zan rubuta wannan.

Waya ta yi ƙara a cikin jaka.
Har na zubar da auduga garin sauri.
Banki ne.
Sun cire naira hamsin, kuɗin kula da asusu.
Su dai ba su taɓa makara ba.

Na tsince audugar.
Ƙarfe biyu ta yi, lokacin juya Baba.