Gashin Tumatir a Dadin Kowa

Motar Kwadon ba ta zo ba yau ma,
kwando tara na jibge a inuwa.
Baffa Manu ya kifa turmi ya zauna,
yana kallon guminsa na shirin ruɓewa.
Wata uku yana jan ruwa daga dam,
dillali ya taya abin da bai kai kuɗin taki ba,
Baffa ya nuna masa hanyar kasuwa.

Na shanya wanda zan iya shanyawa,
rufin kwanonmu ya yi ja wur.
Na aika wa maƙwabta a roba,
su ma suka aiko da nasu, haɗe da gaisuwa.

Sai Hansatu ta faɗo mini a rai,
wadda ta yi aikin gidan burodi a Kumo.
Ita ta ce ana gina wa tumatir ɗaki da fulawa,
na yi mata dariya a lokacin,
ashe ranar na zuwa.

Na zaɓi masu tauri, na yanka fale-fale,
na jera a faifai, na yayyafa gishiri,
na bar su su yi kukansu su tsane ruwa.
Gwangwani uku na fulawa,
man shanun da ya kwana a gindin randa,
na murtsuke da yatsu har ya koma kamar tsaki,
na shimfiɗe shi da kwalba a farantin tasa.
Cukun da Buzu mai shayi ya ba mu tun azumi
ya bushe kamar katanga,
sai da na jiƙa shi a madara kafin ya yarda da dakuwa.
Ɗoɗɗoya daga bayan madafi, ganye bakwai,
lawashi, masoro, ƙwaya biyu ta tafarnuwa.

Ba mu da tandar zamani.
Yashin Gongola na zuba a tsohuwar tukunya,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi,
na zauna da mafici
ina hana hannuna buɗewa.

La'asar sakaliya ƙamshi ya tsallake katanga.
Gefe ɗaya ya ƙone, ban ɓoye ba,
amma tsakiya na ɓararraka a hankali,
ja da fari sun narke cikin juna ba rabuwa.

Baffa ya jujjuya yankansa a tafin hannu:
"Wannan tuwo ne ko miya?"
Na ce ci dai.
Ya ci. Ya yi shiru.
Ya ce gishiri ya ɗan zarce,
hannunsa kuma ya sake komawa.

Can ya ce, "Guda nawa kika yanka?"
Na ce goma sha ɗaya.
Ya dubi farantin, ya waiga ga kwanduna tara,
sai dariya ta ƙwace masa har da tari,
ta farko tun da tumatir ya fara faɗuwa.