Taswirar da Tasalla Ta Aiko

Tasalla ta aiko mini da taswira ta waya
daga Amurka, inda take karatu.
Jiha guda ce, an kasa ta gunduma-gunduma
kamar tsokar nama a faifan mahauci.
Wata ja wur, wata jaja-jaja,
wata fara fat kamar ba a taɓa taka ta ba.
Ta ce, "Baba, jan nan 'yan Latino ne,
masu asali da ƙasashen kudu.
Inda launin ya yi duhu, nan suka fi yawa."

Na ja kujera bakin zaure, na gyara tabarau.
Ban ga fuska ko ɗaya ba.

Ni ma na taɓa ƙirga mutane.
Alli a aljihu, jaka a kafaɗa,
aka ba ni layi bakwai a Sabon Gari,
daga bayan tashar jirgi har Muciya.
Gida na huɗu, wani tsoho mai gyaran agogo,
Ogundele, da gilashi manne a ido guda.
Na ce, "Baba, daga ina?"
Ya ce, "Daga ɗaki."
Yaran gidan suka bushe da dariya.
Ya nuna bayan famfo da tsinken aikinsa:
"Can aka binne cibiyata.
Hausarka ma da gyara, yaro. Rubuta."
Gurbin takardar bai kai faɗin farce ba.
Na rubuta abin da ya shiga,
sauran na bar masa a kan teburi
tare da ƙananan kusoshi.

Da dare na kira ta.
Na ce, wa kika sani a cikin jan nan?
Ta ce akwai Marisela, ƙofarsu na kallon tata,
mai kawo mata wani abu kamar alala,
na masara, naɗe cikin ɓawonsa, da yaji.
Kakarta ma a garin aka haife ta,
amma har gobe ana tambayarta
yaushe ta zo.

Na yi shiru har ta ce, "Baba, kana ji?"

Ina ji.
Na ce, to ke fa, wane launi aka ba ki?
Ta yi dariyar uwarta:
"Mu ai ba mu kai a ɓata mana fenti ba.
Muna cikin 'da sauransu'."
Sai layin ya yanke.

'Yata, da na raɗa wa suna a Tudun Wada,
na yanka mata rago har biyu don murna,
wai da sauransu.

Da safe na ɗauko agogona da ya tsaya tun bara,
na hau Keke Napep zuwa Sabon Gari.
Tsohon ya daɗe da rasuwa.
Jikansa ne a teburin, da gilashin a ido.
Ban tambaye shi daga ina ba.
Na ce, "Ina kwana, ya sunanka?"