Taki Goma Sha Ɗaya

Alƙali ya sa an auna.
Daga inda na tsaya zuwa gindin katanga
taki goma sha ɗaya ne.
Jandarma ya ƙirga da takalminsa
a idon duk maƙwabtan Bilbis.

Ni a daren ban ƙirga komi ba.
Zafin bazara ya koro mu tsakar gida,
Zali da yara uku a tabarma,
na ji ƙarfe yana kuka a ƙofar shago.
Karo na uku ke nan a shekara:
da fari kuɗin albasa, jika ɗari biyu,
sannan ragon da muke kiwo don layya.

Bindigar tokar babana tana rataye,
tun rasuwarsa ba ta yi tari ba.

Ya fito rungume da batirin sola,
wuƙa a haƙoransa.
Na haska shi. Muka dubi juna.
Ya saki batirin, ya kama wuƙar,
ya yi taki ɗaya wajen tabarma,
sai kuma ya juya.

Lauya Tankari ya ce da ni:
Nomau, a wannan takin guda
doka tana tsaye a kafaɗarka.
Dare ne, ya hauro, ƙarfe a hannunsa,
'ya'yanka kwance a ƙasa.
Amma da ya ba ka baya
sai ta bar ka, ta bi shi,
ta shimfiɗa kanta a gadon bayansa.
Rai ake karewa da rai.
Batiri kuwa ana sayensa ranar Lahadi a kasuwa.

Na ce: to, in ya dawo gobe fa?
Ya ce: gobe ba ta cikin gidanka a daren.

Mutanen unguwa sun cika kotu,
suna cewa na yi aikin maza.
Babu wanda ya ga abin da na gani,
yatsunsa a kan katanga
suna neman abin riƙo,
da takalmi ɗaya da ya rage a cikin gida.
Illa sunansa. Ya taɓa yi mini dako a tasha,
na ba shi dala hamsin, har ya yi godiya.

Uwarsa ba ta zage ni ba.
Ta roƙi a ba ta takalmin,
aka ce shaida ne, sai an gama shari'a.

An ce da-na-sani ƙeya ce.
Ni tawa ba a bayana take ba,
a bayan wani na bar ta.

Zali ta zo da tuwo, ta ce gidan duhu,
batirin na wurin hukuma da takarda a jikinsa.

Ɗakin kaso taki shida ne.
In barci ya ƙi, nakan je bango in dawo,
in tsaya kafin na ƙarshe,
in sauke hannuna.